Farin Katako a Layi na Uku

Ranar da Gaku ya fara ganin Shiori, duka ya sha a hannunta. Ina zaune a kujerata kusa da hita mai ɗumama ɗaki aka yi abin, saboda haka kada wani ya ba ku labarin daban.

Tun safe ake ruwa, gidan tarihin garinmu Nagiura babu kowa sai ni da ita. Sai ga wani dogon saurayi ya shigo, rigarsa sharkaf. Bai dubi agogon makarantar da ya tsaya ba, bai dubi hotuna ba, ya zarce wurin allon katakai. Ya daɗe a tsaye. Can sai ya miƙa hannu ta saman igiyar da aka gitta.

Shiori ta kai masa duka a bayan hannu da takardun da take riƙe da su.

"Baƙo, ba ka ga rubutu ba? Ba a taɓawa."

"Yi haƙuri."

"Lakar da ke jikin allon nan ta fi ka daraja a garin nan."

Ya shafa hannun, ya dube ta. "Duk baƙinku haka kike dukansu?"

"A'a. Sai masu dogon hannu."

Ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, abin ya ƙi. Ta shiga ciki ta ɗauko masa tawul, ta ce ya goge kansa kafin ya jiƙa mata daɓe. Ya ce sunansa Sugawara Gaku, daga Sendai, gyaran injin sanyi yake yi. Ta ce ita Oikawa ce. Bai ji komai ba, don rabin garin nan Oikawa ne.

Ni kuwa tun daga tafiyarsa na gane shi. Kafaɗar hagu a ɗage, kamar mai ɗauke da jiƙaƙƙiyar koma. Mutum ɗaya na sani mai irin wannan tafiya, Konno Masaji. Wannan ɗansa ne, ko da wane suna ya zo. Ban faɗa wa kowa ba.

Sunana Tatsuzo, shekarata tamanin da huɗu. Sau biyu teku ta taso ta cinye garin nan a kan idona, sau uku jirgi ya kife da ni, ga ni nan da haƙorana goma sha ɗaya. Ban taɓa zama a aji ba. Ina ɗan shekara tara na hau jirgi, kuma babu mai digirin da ya san iska kamar yadda na san ta. Shi ya sa da aka buɗe gidan tarihi aka ajiye mini kujera, in riƙa ba baƙi labarin yadda na hau igiyar ruwa mai tsawon bene huɗu na sauko da raina. Wannan labarin ma ni nake faɗa, ana rubutawa, kuma ban yarda a gyara mini kalma ba.

Allon nan a bakin ƙofar katangar teku yake a da, cikin akwatin ƙarfe. Kowane masunci da katakonsa da ƙusarsa. In ka shiga ka rataye shi ta farin gefe, kana bakin ruwa ke nan. In za ka fita teku ka juya shi ya koma ja. In za ka gida ka cire abinka. Kuma kowa da hannunsa yake juya nasa, haka muka tarar.

Ranar babbar girgizar ƙasa, shekara goma sha biyu kafin zuwan Gaku, masu jirage suka yi abin da iyayenmu suka koya mana: suka gudu da jiragensu can tsakiyar teku, inda igiyar ruwa ba ta karya jirgi. Oikawa Isamu, ɗan kwana-kwana na sa-kai, shi ne mai rufe ƙofa. Ya duba allo, duk katakai ja, sai guda ɗaya fari a layi na uku, na Masaji. Ya ce wa abokin aikinsa, "Masaji yana ciki, ba zan kulle shi ba. Je ka, ina zuwa." Ya shiga yana kiran mutumin da tuni ya yi nisa a teku. Ya dawo ya rufe ƙofar, amma ƙafarsa ba ta kai tudu ba. Ruwan ma ta saman katangar ya bi, ƙofar ba ta tare komai ba. Sai bayan kwana arba'in aka ga gawarsa a ƙarƙashin gidan ƙanƙara.

Isamu shi ne uban Shiori.

Gaku ya dawo ranar Asabar, ya sake dawowa wata Asabar ɗin. A zuwa na uku ya tarar tana zagayawa da wasu baƙi. Ta tsaya gaban wata lanƙwasasshiyar hular ƙarfe, ta ce da muryar da ta saba, "Wannan ta babana ce." Ta nuna farin katakon, ta ba da labarin. Na ga yaron ya dafa bango. Na ce a raina shi ke nan, ba zai ƙara zuwa ba.

Bayan wata ɗaya ya kama aiki a sabon gidan ƙanƙararmu.

Ban da ni, ba wanda ya gane shi. Yana ɗan shekara goma sha huɗu suka bar garin, kuma waɗanda za su tuna fuskarsa rabi suna maƙabarta, rabi sun yi ƙaura. Da rana yakan hawo tudu da ƙunshin shinkafa biyu, su zauna a baranda suna kallon katanga, don yanzu katangar ta tare mana ganin teku.

"Oikawa-san, kullum sai kin tsince tsokar kifin ki bar mini ƙashi?"

"In ba ka so, kawo."

"Ina so. Tambaya kawai na yi."

"Kuma ka daina ce mini Oikawa-san. Sai ka ce mai karɓar kuɗin lantarki."

"To me zan ce?"

"Kai ka sani, Dogon Hannu."

Daga ranar ya koma ce mata Shii-chan, sunan shagwaɓa. Yarinyar da na sani shekara da shekaru ba ta dariya sai don baƙi, sai ga ta tana tuntsirewa har da riƙe ciki. Saƙonninsa kuwa ni take karanta wa, don ta ɗauke ni kakanta, kuma kaina ba ya zubar da abin da ya shiga.

"Shii-chan, yau awa shida na yi a ɗakin ƙanƙara. Yatsuna sun daina ji, kunnuwana sun daina ji. Abu ɗaya ne ya ƙi yin sanyi, kuma laifinki ne."

Ta ce, "Kaka Tatsu, ka ji shirme?"

Na ce, "A zamanina kifi muke kai wa mace, ba surutu ba. Ni da kifi ɗaya na auri matata, amma kifin ya fi ki tsawo."

Ta rubuta masa: "Dogon Hannu, sa safar hannu. Ina da aiki da yatsun nan. Ranar Lahadi Mama ta ce ka zo cin abinci. Kada ka makara, kada ka sa rigar nan mai warin mai."

Akwai wani Hideaki, ma'aikacin ofishin gari mai kula da gidan tarihin. Shekara uku yana kai wa Tokiko, uwar Shiori, tuffa da kaguwa, yana jiran ranar da za ta ba shi auren Shiori. Ba mugu ba ne, amma mutum ne mai son takarda. Shi ya bi takardun ƙaura har ya gano cewa Sugawara sunan gidan uwar yaron ne.

Ranar Lahadi ina gidan, don Tokiko ba ta yin baƙo ba ta kira ni ba. Gaku ya durƙusa gaban hoton Isamu, ya kunna turaren tsinke. Tokiko ta ji daɗi. Ta zuba masa miyar kawa, wani naman teku mai ɓawo, ta ce, "Ci, ɗana, ka rame." Ya kai cokali biyu ke nan Hideaki ya yi sallama daga ƙofa, ya ce yana son magana da ita minti ɗaya.

Da ta dawo ba ta zauna ba. Ta sa hannu biyu ta ɗauke kwanon daga gabansa.

"Wane ne ubanka?"

Ya ajiye cokalin. "Konno Masaji."

Shiori ta ce, "Gaku, wasa kake?"

"Ba wasa nake ba."

"Tun yaushe ka san ko ni 'yar wace ce?"

"Tun zuwana na uku."

"Wata biyar ke nan." Muryarta ta yi ƙasa. "Wata biyar kana cin abinci da ni, kana kallona ina nuna wa mutane katakon ubanka."

Tokiko ta je gaban hoton ta zare turaren da ya kunna, ta kashe shi cikin ruwa. Ta ce, "Juya katako numfashi ɗaya ne. Ubanka ya tsira da jirginsa, ni aka kira ni in gane mijina da zoben hannunsa, don babu fuska. Tashi ka fita." Da ya fita ta bi bayansa da gishiri ta watsa a bakin ƙofa, kamar yadda ake yi in an dawo daga jana'iza.

Ni na shanye miyata. Ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Kwana tara Shiori ba ta amsa masa ba. A na goma ta zauna kusa da ni ta karanta mini abin da ya rubuto, ba ta ko ɗago kai ba.

"Shii-chan, ban zo garinku don in yaudare ki ba. Babana ya mutu bara. Shekara goma sha ɗaya yana gadin motoci a Sendai, bai ƙara cin kifi ba, bai ƙara kallon teku ko a talabijin ba. Na zo ne in ga abin da ya kashe shi. Da na san ke ce, kullum sai in ce gobe zan faɗa, in kin yi dariya sai in kasa. Na yi laifi. Amma son da nake miki ba ƙarya a cikinsa."

Na ce, "Me za ki ce masa?"

Ta nuna mini wayar kamar zan iya karantawa, sannan ta tuna, ta karanta: "Na san ba kai ka rataye katakon ba. Amma in na aure ka, Mama za ta riƙa ganin kafaɗar ubanka a jikin jikokinta. Ni kaɗai ta rage mata. Kada ka ƙara hawowa tudu."

Ta tura, ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada in ji ta.

To, yanzu zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa baƙi ba.

Ranar girgizar ni ma a jirgin Masaji na fita. Yana bakin ruwa yana ɗinkin koma ƙasa ta motsa, ya yi tsalle ya faɗa jirgi yana tayar da inji. Ni na taho a guje daga gida. Ina isa ƙofa ya ƙwala mini kira, "Baba Tatsu, juya nawa!" Na rataye nawa ja. Na kai hannu layi na uku, ƙusa ta biyu, inda katakon Masaji yake tun yana saurayi, na juya, na ruga.

Ashe a makon nan ƙungiyar masunta ta sake jera katakai bisa tsarin sunaye. Kowa ya duba ya ga sabon wurinsa. Ni nawa da tsagar wuƙa nake gane shi, na sauran kuwa da wurin zamansu. Na Genji na juya, mutumin da jirginsa ke kan tudu ana gyara, wanda tuni ya tsere ta ƙofa ya bar katakonsa a rataye. Na Masaji ya matsa ƙusa ta biyar, yana nan fari.

Kwana biyu muka yi a teku. Da muka dawo muka ji abin da ya faru, Masaji ya dube ni sau ɗaya, bai tona ni ba. Ni na koya masa ɗaurin igiya, ni na ciro shi daga ruwa yana ɗan shekara sha shida. Mutane suka daina amsa gaisuwarsa, aka daina sayen kifinsa, ya kwashe iyalinsa ya tafi. Ni kuma aka ba ni kujera kusa da hita.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na je wurin Tokiko da kaina, na same ta tana yanyanka ciyawar teku a rumfa.

"Tokiko, yaron nan ba shi da laifi. Ni na ga mutane, na san na kirki da ido ɗaya."

"Baba Tatsu, kai ma?"

"Yarinyar tana ramewa."

"Za ta warke. Ni ban mutu ba." Ta ci gaba da yanka. "Ranar da ka dawo mini da Isamu, ka zo mu yi maganar aure."

Na dawo ina ce wa kaina na yi iyakar yina. Sai na ji Gaku ya ajiye aiki, ƙarshen wata zai koma Sendai. Na kuma ji Tokiko ta ce wa Hideaki ya turo manyansa, Shiori kuma ta ce duk yadda aka yi daidai ne. Na dubi yarinyar tana goge gilashi, fuskarta kamar ta gawarwakin da muka jera a ɗakin wasannin makaranta a waccan shekarar. Na riga na kashe mutum biyu da ƙusa ɗaya. Na ga ina shirin ƙara biyu, su kuma da ransu za a binne su.

Duk wata, a ranar da abin ya faru, Tokiko takan kawo fure ta ajiye ƙarƙashin hular mijinta. Ranar na aika wa Gaku cewa hitar gidan tarihi ta lalace, tsoho zai mutu da sanyi. Da hannuna na tsinke wayar hitar. Ya zo da akwatin kayan aikinsa, ya yi turus da ya ga Tokiko. Ita ma ta juya za ta fita. Akwai baƙi wajen goma daga wata motar yawon buɗe ido, Hideaki ma yana nan.

Na miƙe na buga sandata a ƙasa. Muryata har yanzu tana tsallake ƙarar inji.

"Kowa ya tsaya! Yau sabon labari zan bayar."

Na tsallake igiyar. Shiori ta ce, "Kaka, ba a..." Na ce, "Yi mini shiru." Na ɗora yatsa a layi na uku, ƙusa ta biyu.

"Shiori, karanta mini sunan nan."

"Chiba Genji."

"Wane launi?"

"Ja."

"Hideaki, kai mai takardu. Ina jirgin Genji yake a ranar?"

"A kan tudu. An cire injinsa."

"To mutumin da ba shi da jirgi, me zai kai shi teku?"

"An ce ruwa ne ya juya shi."

"Ruwa ya shiga akwatin ƙarfe a rufe, ya zaɓi katako ɗaya? Ni ne ruwan."

Na faɗa musu duka, tun daga kiran da Masaji ya yi mini har kallon da ya yi mini a bakin ruwa. Ban rage ba, ban sa wa kaina gishiri ba.

Wata baƙuwa ta sauke kyamararta.

Tokiko ta matso har ina jin numfashinta. "Shekara goma sha biyu."

"Haka ne."

"Duk ranar tunawa da shi kai kake zama a saman tabarma. Ni nake zuba maka giya da hannuna."

"Haka ne."

"Ka bar ni na tofa wa matar Masaji yawu a layin karɓar ruwa. Kana tsaye a wurin."

"Ina tsaye."

Na zaci za ta mare ni, na ma miƙa mata fuskar. Ba ta taɓa ni ba. Ta juya wurin Gaku.

"Ubanka bai taɓa faɗa muku ba?"

Yaron yana tsaye da akwatinsa a hannu, hawaye na zuba bai goge ba. "Bai taɓa ba. Ko Mama ba ta sani ba. In ya sha giya abu ɗaya yake maimaitawa, wai namiji da hannunsa yake juya katakonsa."

"Gaskiyarsa," in ji Tokiko. "Da ya taka da ƙafarsa ya juya, da mijina yana nan."

"Haka ne. Ban zo in wanke shi ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Sai Shiori ta zo ta tsaya a tsakaninsu, ta karɓe akwatin daga hannunsa ta ajiye a ƙasa.

"Mama, ni na gaji. Tun ina 'yar sha biyu nake zaune a gaban allon nan. Baba ya koma ciki ne don kada a rufe ƙofa a bar mutum ɗaya a waje. Mu kuma tun ranar aikinmu ke nan, rufe wa mutane ƙofa." Ta juya ta dubi Gaku. "Kai kuma, maƙaryaci, ban yafe maka ba tukuna. Sai ka yi shekara hamsin kana ba ni haƙuri."

"Na yarda, Shii-chan."

"Ban gama ba. Kullum."

"Kullum."

Tokiko ta ajiye furenta, ta fita.

Sati uku ba ta yi maganar ba. Sannan wata safiya ta sa baƙaƙen kaya ta hau bas zuwa Sendai ita kaɗai. Ta nemi gidan uwar Gaku, ta durƙusa a bakin ƙofa ta sa goshi a ƙasa. Abin da matan biyu suka ce wa juna ban sani ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. Na dai san tare suka je kabarin Masaji, suka wanke dutsen. Da ta dawo ta ce wa Shiori, "Ki ce masa ya zo ranar Lahadi. Bai gama miyarsa ba."

Ni kuwa na ga abin da Masaji ya gani. Aka ɗauke kujerata. Hideaki ya zo har gida ya ce, cikin ladabi, wai baƙi sun fi son na'urar ba da labari da ake sawa a kunne. A wurin wankan jama'a, in na shiga ruwa sai tsofaffin abokaina su tuna suna da aiki. Tokiko in ta hango ni sai ta tsallaka titi. Ban yi kuka da kowa ba. Masaji ya ɗauka shekara goma sha ɗaya ba da haƙƙinsa ba, ni da nake da haƙƙin ba zan kasa ɗauka ba.

Gaku ya zo sau ɗaya. Ya tsaya a tsakar gida bai cire takalmi ba.

"Na zo in zage ka ne, tsoho."

"To fara, ina ji."

Can ya ce, "Yaya yake a teku? Ban taɓa ganinsa yana tuƙi ba sai ina yaro."

Na ce, "Cire takalminka ka zauna. Ubanka ne mutum na biyu a iya tuƙi a gaɓar nan."

"Wa ye na ɗaya?"

"Kana kallonsa."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, amma ya zauna, har shayi ya sha.

An ɗaura auren a lokacin kaka, a wurin bauta na saman dutse. Tokiko ta ce in na taka matakalar ita za ta sauko, kuma ban ga laifinta ba. Shiori ta aiko mini da saƙo ta wayar maƙwabciyata, aka karanta mini: "Kaka Tatsu, har yanzu ina fushi da kai, kuma ina kewarka. Ba zan iya gayyatarka ba. Amma daga saman dutse ana ganin bakin ruwa."

A garinmu in ɗan masunci zai yi aure, jirage sukan ɗaga tutocin babban kamu. Masaji ba shi da jirgi a nan, ba shi da ɗan'uwa. Na ciro tutocina daga akwati, guda bakwai, waɗanda aka ba ni a shekarun da babu mai kamo kifi kamar ni. Na ɗaura su a gora, na tura ɗan kwale-kwalena ni kaɗai, na fita bayan katanga inda za a gan ni. Iska tana da ƙarfi. Ina nan ina fama sai na ji inji a bayana. Jirgin ɗan Genji ne, da tutocinsa. Bai gaishe ni ba, ya dai tsaya a gefena. Sai wani, sai wani, har muka kai tara.

Da suka fito daga wurin bauta na hango su ƙanana a saman matakala, ita cikin fararen kaya, shi cikin baƙaƙe, iyayensu mata biyu a bayansu. Gaku da Shiori suka juyo wajen teku, suka sunkuya, suka daɗe a sunkuye. Tokiko ba ta sunkuya ba. Amma ba ta juya baya ba, ta tsaya tana kallo har muka gama zagaye uku.

Yanzu suna zaune a sabuwar unguwar kan tudu, Tokiko a ɗakin ƙasa. An ce Gaku yana ba da haƙurinsa kowace safiya kafin ya sha shayi, ita kuma tana cewa ta ji, ya ƙara gobe. Tokiko har yau ba ta yi mini magana ba, kuma na san da haka za a kai ni.

Ni na haɗa auren nan, ba wani ba, kuma na biya shi da abin da ya fi jirgi tsada. Kakanninmu su riƙe musu gidansu. Ƙasa ta kwanta musu, teku ta ba su kifi ta bar musu mutanensu. Su haifi 'ya'ya masu taurin kai irin na uwarsu, su tsufa tare har su gaji da juna. Isamu da Masaji kuma, in suna wuri ɗaya, su yi haƙuri su ɗan ƙara jirana. Ina tafe, kuma da bakina zan yi musu bayani.